Tambaya Da Amsa: Kwamfutar kyamarorin shagona na ta huci, furosesa ya ƙi sauka daga 100

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Dan Allah ina da matsala, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ina da shago da sito, aka haɗa min kyamarori guda 8 kowacce 4MP, to maimakon akwatin NVR mai ajiye rikodin kyamarori sai wanda ya haɗa min yace in sayi kwamfuta tokumbo mu sa manhaja tayi rikodin, na sayi Core i5-4570 mai RAM 8. Wallahi tun da aka gama haɗawa fankar cikinta bata daina ƙara ba, hoto yana ta maƙalewa, in na koma duba abinda ya faru jiya sai inga mutum yana bakin ƙofa kawai sai gashi a tsakiyar shago an tsallake tsakanin. Yarona ya buɗe Task Manager yace furosesa yana 95 zuwa 100 kullum. Yanzu ance sai na sayi i7. Shin haka ne ko akwai gyara? Nagode. Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kada ka sayi komai tukuna, ina ganin kwamfutarka zata iya ɗaukar kyamarorin nan takwas in an gyara saitin, kuma ko ka sayi i7 ɗin in aka bar saitin yadda yake yanzu to wahalar ce zaka sake saya da tsada.

Abinda mutane da yawa basu gane ba shine ajiye bidiyo baya wahalar da furosesa. Kyamara irin taka mai aiki da wayar netwok ita da kanta take matse bidiyon ta turo shi a dunƙule, in ajiyewa ne kawai kwamfuta zata karɓa ta zuba a had disk shikenan, ko ƙaramar kwamfuta zata yi. Inda gumin yake shine buɗe bidiyon. Kai ɗan Kwari ne ka fini sani, in mota ta kawo dila ɗari aka ce yara su shigar sito a ɗaure, aiki ne na ɗan lokaci, amma in kace kowace dila sai an kwance an warware yadi an duba an sake ɗaurewa kafin ta shiga, to yamma zata yi ba'a gama ba. Kwamfutarka yanzu kwancewa take tana sake ɗaurewa, dare da rana.

Bari muyi lissafi kaga nauyin da kanka. Kyamara 4MP yawanci hotonta 2560 ne a 1440, wato ɗigo kusan miliyan 3.7 a hoto ɗaya, kuma galibi daga kamfani tana zuwa a saite kan hoto 25 ko kusa da haka a kowace daƙiƙa. In ka ninka zaka samu ɗigo miliyan 92 a daƙiƙa ɗaya daga kyamara ɗaya, sau takwas ya haura miliyan 730. Duk wannan ake ɗorawa furosesan da ya fito tun 2013, to ina laifinsa in yayi huci.

Gyara na farko kuma mafi girma shine abinda ake kira sub stream. Kusan kowace kyamarar netwok, ko Hikvision ce ko Dahua ko ƙannensu, tana fitar da bidiyo kala biyu a lokaci guda, akwai babba mai cikakken kyau wato main stream, akwai ƙarami misali 640 a 360. Ƙaramin ɗigonsa 230,400 ne kacal, kashi ɗaya cikin 16 na babban. Abinda ake so shine manhaja ta riƙa amfani da ƙaramin wajen nuna maka hoto a allo da kuma gano motsi, babban kuma ya wuce kai tsaye cikin had disk ba tare da an taɓa shi ba. Ai dama in ka raba allo gida takwas kowace kyamara ɗan akwati take samu, idonka bazai ga bambanci ba, sai ka danna ɗaya ta cika allo sannan babban ya buɗe. In aka sa ƙaramin a hoto 15 a daƙiƙa, kyamarorin takwas gaba ɗaya basu kai ɗigo miliyan 28 ba, kaga daga 730 zuwa 28 ai ba ƙaramin sauƙi bane. Baka faɗi sunan manhajar ba, amma in Blue Iris 5 ce akwai gurbin sa adireshin sub stream a saitin bidiyo na kowace kyamara, in kuma irin su iVMS-4200 ne ko SmartPSS to a kan hoton ma zaka danna dama ka zaɓi ƙaramin.

Na biyu, a duba yadda ake rikodin ɗin. Wasu manhajojin in ba'a hana su ba sai su buɗe bidiyon, su buga masa kwanan wata da lokaci, su sake matse shi da kansu kafin su ajiye, kuma matsewa tafi buɗewa cin furosesa nesa ba kusa ba. A Blue Iris sunan abinda zaka kunna direct-to-disc, a wasu kuma zaka ga an rubuta copy ko passthrough, ma'anar dai ɗaya ce, ajiye yadda ya zo. Agogon kuma a bar kyamarar ta buga abinta, tana da wannan a cikin saitinta, sai dai a tabbata lokacinta daidai ne don ranar da za'a kai faifai gaban 'yan sanda ko shugabannin kasuwa lokacin da ke jiki shine hujja.

Sai maganar hoto nawa a daƙiƙa. Ni ban ga abinda shagon atamfa zai yi da 25 ba, ba wasan ƙwallo kake ɗauka ba, 15 ya isa kaga hannu ya shiga aljihu ya fito, sito da ba kowa ke shiga ba ko 10 ma yayi. Amma a cikin kyamarar ake rage wannan, a shiga ta burauza da adireshinta, in a manhaja kawai aka rage to kyamara zata cigaba da turo 25 ɗinta. Tunda an shiga ciki a nemi I-frame interval, wato tazarar da ke tsakanin cikakkun hotuna, a daidaita shi da wannan lambar, in 15 ne shima 15, wato cikakken hoto ɗaya duk daƙiƙa. Wannan tsallaken da kake gani mutum yana ƙofa sai gashi a tsakiya, yawanci kwamfuta ce ke zubar da hotuna saboda ta kasa bin su, amma I-frame mai nisa da kuma hanyoyin matse bidiyon nan masu alamar ƙari, H.264+ da H.265+, suma suna jawo shi a wasu manhajojin don anyi su ne su fi dacewa da akwatin kamfaninsu. A kashe su.

Wani abu da nake zargi sosai a naka shine H.265, hanyar matse bidiyo da ta biyo bayan H.264. Masu haɗawa suna son sa saboda yana rage cin had disk, wani lokacin kusan rabi, kuma gaskiyarsu ne. Matsalar itace furosesan Intel yana da wani ɓangare na musamman a ciki mai suna Quick Sync wanda aikinsa kenan buɗe bidiyo ba tare da ya dami sauran ba, tun 2011 yake zuwa, amma bai fara iya H.265 sosai ba sai ƙarni na 6 da ya fito a 2015. Naka 4570 ne, lambar farko 4 itace ƙarninsa, wato na huɗu, H.264 ya iya. Don haka in kyamarorinka suna kan H.265 to da ƙarfin tuwo ake buɗe su. A mayar dasu H.264, a kunna hardware decoding a manhajar a zaɓi Intel, sannan yaronka ya koma Task Manager ɓangaren Performance ya danna GPU ya kalli Video Decode, in yaga layin yana motsi to ya kama aiki. Eh had disk zai fi saurin cika, amma gara bidiyon sati biyu lafiyayye da na wata guda mai tsalle-tsalle.

Kada in manta da antibairos. Wanda ke zuwa da Windows yana bin duk fayil ɗin da ake rubutawa yana dubawa, ita kuma manhajar rikodin bata daina rubutu ko na minti ɗaya, in kaga Antimalware Service Executable a saman jerin masu cin furosesa to shine, a shiga Windows Security a nemi Exclusions a cire masa foldar bidiyon da ta manhajar. Ba kashe shi gaba ɗaya nace ba fa.

In an yi duk wannan har yanzu fanka na ihu, a buɗe murfin kwamfutar. Tokumbo ce, Allah kaɗai yasan yaushe rabon a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ga ƙurar yadi ga ta hunturu ga zafin Afrilu a cikin shagon Kwari, kuma furosesa in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai kaga aikin da da yake cin 60 ya koma 100. Ƙaramar manhaja irin Core Temp zata nuna maka zafin. A kaita Beirut Road a hure ta a sa sabon mai, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma a daina cusa ta ƙarƙashin kanta a bayan kaya inda iska bata shiga. In sola da batir kake amfani dasu zaka ga sun ƙara jimawa ma, don furosesa a 100 wuta yake sha.

TAMBAYA: Malam ni furosesan nawa da rana lafiya lau yana 30 haka, amma da magariba tayi sai ya tashi sama, da safe in tarar da ɗaruruwan guntayen bidiyo babu kowa a ciki. Gidan gona ne a hanyar Zariya. Ko aljanu ne? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Ba aljanu bane Malam, ƙwari ne da gizo-gizo. Da duhu yayi kyamara tana kunna jan hasken nan na infrared da ke zagaye da idonta, ƙwari su taru, gizo-gizo ya biyo su yayi saƙa a daidai gaban gilashin, zare ɗaya in hasken ya doke shi sai ya fito fari tas kamar igiya yana lilo, manhaja kuma duk lilon da yayi motsi ne a wajenta sai ta fara rikodin ta ɗauki hoto ta turo sanarwa, in kana da AI mai tantance mutum ko mota shima a tashe shi ya duba, haka har asuba. Ga kuma dusar nan da hoto yake yi in haske yayi ƙaranci, ita ma tana ƙara nauyin bidiyon, lokacin hunturu ƙura ta ƙara nata.

Ka sa tsani ka goge kyamarorin da tsumma mai laushi duk sati. Mafita mai ɗorewa kuma itace ka kashe infrared ɗin jikin kyamara ka sa fitila daban, ko ta sola ce, nesa da ita kamar taku uku ko huɗu, ƙwarin zasu bi fitilar su ƙyale maka gilashi. A manhaja ka ƙara girman abinda zai tada ita, ka shafe wuraren bishiya da titi daga yankin da take lura dashi, a kyamara ka kunna 3D DNR mai rage dusar hoto amma kada ka ƙure shi don yana sa mai tafiya ya zama kamar inuwa. In kyamarorinka suna da nasu gano mutum ko tsallake layi, to barsu suyi aikin su sanar da manhaja ta ONVIF, wato hanyar da kyamara ke magana da manhaja, kwamfuta ta huta.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Makaranta gareni, komai lafiya sai na buɗe a waya daga gida sannan kwamfutar ofis ta fara maƙalewa, in ni da mataimakiyata muka buɗe tare kuma sai ta tsaya cak. Daga wata mai karatu a Zinder.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Duk sanda kika buɗe a waya kwamfutar tana haɗa miki sabon bidiyo ne daidai ƙarfin datarki, wato ta buɗe ta haɗa kyamarorin a allo ɗaya ta sake matsewa ta turo, in kun zama ku biyu aikin ya zama biyu. Ki sa a rage ingancin da ake turowa waya zuwa 720p ko ƙasa, hoto 10 a daƙiƙa, ko a saita ya turo sub stream yadda yake in manhajar ta yarda. In kuma ta AnyDesk ko TeamViewer kike leƙa allon kwamfutar gaba ɗaya to wannan yafi kowanne nauyi, ki koma manhajar waya ta ainihi. Sannan ki tambayi wanda ya haɗa miki ko an canza faswod ɗin da kyamarorin suka zo dashi, tunda yara ne a cikin hoton kuma abin yana kan intanet, in ba'a canza ba a canza yau.