Filin Tambaya da Amsa: Wane Ril Zan Saya Don Kamun Bas a Ƙorama?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a garin Rolla, jihar Missouri ta Amurka. A watan Yuni wani abokin karatuna ya kai ni ƙoramar Huzzah, ya ara mini fatsarsa, na kama kifin bas mai ƙaramin baki guda biyu. Tun ranar abin ya shiga raina. Sanda na samu, mai laushi, ƙafa bakwai ba kaɗan. Saura ril, injin naɗe zaren nan da ke rataye a ƙarƙashin sanda. Na shiga shago na ga 1000, 2500, 3000, wani an rubuta masa 5.2:1, wani 6.2:1, kaina ya ɗaure. Dala ɗari ce a hannuna, kuma ƙananan ƙoton roba zan riƙa jefawa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ɗauki mai lamba 2500. Amsar ke nan. Abin da zai biyo baya dalili ne, don kada mai shago ya juya ka.

Ni a Yawuri na tashi, gidan Sarkawa, inda fatsa ba ta san inji ba: zare, ƙugiya, tana, sai ɗan yatsa da zai gaya maka kifi ya taɓa. Da na zo Missouri ni ma lambobin nan sun ruɗa ni. Lambar tana nuna girman injin ne da faɗin kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai. Mai 1000 zai ja hankalinka, ga shi ɗan mitsitsi, ba nauyi, kai kuma kifinka ƙarami. Amma kwarkwaronsa ƙunci gare shi, zaren sai ya fito a nannaɗe kamar igiyar tsohuwar wayar tarho. Ƙoton da za ka fi jefawa shi ne wanda ake kira da sunan Ned Kehde, wani masunci ɗan Kansas: guntun roba a kan ƙugiya mai ɗan kan dalma da nauyinsa bai cika giram biyu ba. Abu mai wannan nauyin ba shi da ƙarfin miƙe nannaɗaɗɗen zare, nan kusa da ƙafarka zai faɗi. Mai 3000 kuwa sau da yawa jikinsu ɗaya da 2500, zurfin kwarkwaro ne ya bambanta, sai ka cika shi da zaren da ba zai taɓa ganin ruwa ba, tunda a ƙorama da wuya jifa ya wuce mita ashirin.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne birki. Marfin nan da ke gaban kwarkwaro, wanda ake murɗawa, shi ke matse wasu 'yan faya-fayai a ciki. Aikinsu su saki zare a hankali idan kifi ya fizga, kafin zaren ya tsinke. Mai ƙaramin baki ba ya jan ka a hankali irin na tarwaɗa. Tsalle yake yi, ya faɗo, ya nufi inda ruwa ke gudu, ya nemi ƙarƙashin dutse. Shekarata ta farko na sayi wani ril na dala ashirin, ina ta murnar araha. Wata yamma a kogin Meramec kifi ya ɗauki ƙotona, da ya yi tsalle na ga bayansa kamar tagulla, ya kai tsawon kamu. Ya fizga, birkin ya ƙame, ya saki, ya sake ƙamewa, sai na ji tas! Na tsaya cikin ruwa har gwiwa ina kallon zare yana lilo. Araha ba ta ado, a ranar na yarda. Don haka a shago, sassauta marfin kaɗan, ka juya kwarkwaron da hannu. In ya juya sumul, to. In kana jin yana kamawa yana saki, ajiye musu kayansu.

A gida ga yadda nake saita nawa. Ana so birki ya fara saki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Gorar ruwa mai lita ɗaya fam biyu ce da 'yar ɗoriya. Na ɗaura ta a bakin zare mai fam 8, wato wanda ke iya ɗaukar nauyin fam 8 kafin ya tsinke, na ɗaga sanda a hankali, na murɗa har sai birkin ya fara saki daidai lokacin da gorar za ta bar ƙasa. Uwargida ta daɗe da daina tambayata abin da nake yi a falo.

Batun 6.2:1, ma'anarsa in ka juya hannu sau ɗaya, kan injin ya zagaya sau shida da ɗan abu. Shi za ka ɗauka. A ƙorama wajen da ruwa ke fitowa kake jifa, ruwa ya taho maka da ƙoton, zare ya yi sako-sako. In ba ka tattara shi da sauri ba, kifi zai ɗauka ya tofar ba ka sani ba.

Kada yawan boris da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Huɗu masu kyau sun fi goma na banza, ba girin-girin ba, ta yi mai. Shimano Sedona da Daiwa Legalis duk ana samunsu ƙasa da dala ɗari, kowanne zai yi maka. Ɗaura shi a sandarka ka ji a hannu kafin ka biya, don yini za ka yi kana riƙe da shi.

Canjin da ya rage sa shi a zare. Sayi na kitso mai fam 10, ka ɗaura masa na fulorokabon mai fam 6 ko 8 a gaba, kamar mita ɗaya da rabi, don ruwan Huzzah garau yake, kifi na ganin komai. Zaren kitso santsi gare shi, yana zamewa a kan kwarkwaro, sai ka fara shimfiɗa ɗan na nailan a ƙasa. Kada ka cika har baki, bar kamar milimita uku. Bayan kowane jifa, rufe ƙarfen nan mai kama da baka da hannunka, ka ɗan ja zaren, sannan ka fara naɗi. Yawancin ƙullin da ake zagin inji a kansa daga nan yake fitowa. Kuma kada ka ajiye ril a kan yashi lokacin da kake cire ƙugiya.

Ka yanki lasisi kafin ka sake shiga ruwa. A ƙoramun yankin Ozark, inda Huzzah take, daga 1 ga Maris har zuwa Asabar ta huɗu a watan Mayu, duk bas ɗin da ka kama sai ka mayar da shi. Bayan nan ma wanda bai kai inci 12 ba ba naka ba ne, wasu wuraren kuma dokar ta fi haka tsauri. Ni yawanci duk mayarwa nake yi. Da na gaya wa yayana haka a waya, ya yi shiru, sannan ya ce ko lafiyata ƙalau.

Tambaya: Malam, ƙanena zai dawo daga Amurka, na ce ya taho mini da irin wannan injin in gwada giwan ruwa a Kainji. Zai yi? Daga wani mai karatu a Yelwa.

Amsa: Ba zai yi ba, Alhaji. Giwan ruwa na iya wuce kilo ɗari, ko matsakaiciya ma za ta kwashe zaren 2500 ta bar ka da sanda a hannu. Ka ce ya nemo na ruwan teku, mai lamba 6000 zuwa 8000, da zaren kitso mai fam 50, ya haɗo da sandar da ta dace da shi. In kuwa ƙaramin ya riga ya saya, ka riƙe shi don karfasa.