Tambaya da Amsa: Gaisuwar da Ta Jawo Mini Jin Kunya a Wurin Aiki

Tambaya: Ina aikin jinya a Ingila. Na ga zobe a yatsan wata abokiyar aikina, sai na tambaye ta lafiyar mijinta, ta ce ita mata gare ta. Kunya ta rufe ni. Yaya zan riƙa gaishe su ba tare da na sake yin irin wannan kuskure ba? Daga wata mai karatu a Manchesta.

Amsa: 'Yar'uwa, zoben bai gaya miki ko waye ke gida ba, zato ne ya cike gurbin. A Ingila da Wales an zartar da dokar halatta auren jinsi ɗaya a 2013, ta fara aiki a 2014, kuma Dokar Daidaito ta 2010 ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda jinsin wanda yake so, kuma mutanen can da yawa suna amfani da kalmar "partner" da ke nufin abokin zama, wadda ba ta fayyace namiji ko mace ba.

Abin mamaki, Hausa ta riga ta ba ki mafita. Bahaushe mai kunya ba ya cika tambayar mutum matarsa kai tsaye, cewa yake yi "Yaya iyali?" ko "Yaya mutanen gida?", gaisuwar da ta game kowa, har da gwauro da bazawara. Ki ɗauki wannan ɗabi'ar zuwa Turancinki, kuma idan ta ambaci sunan matar tata, ki riƙa kiran sunan. Yin haka bai taɓa aƙidarki ba, ladabin zaman aiki ne. Ita kuwa abokiyar taki, kada ki tsawaita ban-haƙuri, domin yawan nanatawa zai fi takura ta fiye da tambayar farko.