Bar gilan ya ɗiga

Ɗana, jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na riƙe hannunka lokacin da ka ɗauko sufana za ka ƙara ɗaure notin gilan, wato murfin da ke matse igiyar toshe ruwa da ake kira fakin, alhali ruwa na ɗiga a bayan famfon laka. Ka kuma ce me zai hana mu cire fakin mu sa wani irin matoshi dabam, wato makanikal sil, mu huta. To, ga amsa.

Abin da famfon nan ke ja ba ruwa zalla ba ne, yashi ne da garin dutse a dame. Shi ya sa ake yi wa cikinsa riga, ta roba idan ƙwayoyin ƙanana ne, ko ta ƙarfe mai kurom wajen kashi 27 cikin ɗari idan manya ne masu kaifi. Amma duk kaurin jikinsa, akwai ƙofa ɗaya da ba ta rufuwa ruf, wato inda shaf, sandar ƙarfen da inji ke juyawa, ya ratsa ya kama farfela mai tura lakar.

Fakin igiya ce saƙaƙƙiya da ake yankawa zobe-zobe a jera a kan rigar shaf. Shaf na juyawa suna gogar juna, kuma ɗigon nan da ya dame ka shi ne ke sanyaya su. Ka ɗaure har ya tsaya, ba da jimawa ba za ka ji ƙauri, ka taɓa gilan ka janye hannu. Na taɓa yin haka ina ɗan koyo. Da muka kwance, fakin ya ƙone ƙurmus ya sandare, rigar shaf kuwa ta yi kwari har farcena na shiga ciki. Tun daga ranar nake ɗaure notin biyu daidai wa daida, kaɗan-kaɗan, in dakata kamar minti 10 in ga yadda ɗigon ya koma kafin in sake taɓawa. Idan kana jera zoben kuma, kada mahaɗarsu ta hau layi ɗaya, ka riƙa gocewa da kowace.

Abin da za ka sa wa ido shi ne launin ɗigon. Akwai ruwa mai tsabta da ake turawa tsakiyar fakin domin ya kore laka, kuma dole matsinsa ya fi na bakin fitar famfon, da kamar rabin bar a ma'aunin matsi. Idan ɗigon garau yake, lafiya lau. Ka ga ya yi duhu, laka ta shiga ta mai da fakin sanfefa, sai ka nufi geji da bawul na ruwa mai tsabtar, ka ƙyale noti. Ruwan nan a buɗe shi kafin a tada famfo, a rufe shi bayan an kashe.

Inda ruwa mai tsabta ke wuya, ko ba a so a tsinka lakar, akwai ekisfela, wata ƙaramar farfela a bayan babbar da ke watsar da laka nesa da shaf. Tana aiki ne kawai idan famfo na gudu. Ya tsaya, sai fakin mai giris ko sil na roba da ke bayanta ya riƙe. Idan matsin bakin shiga ya yi yawa, ko aka rage gudun injin sosai, ta gaza.

Shi kuwa makanikal sil da kake sha'awa, ban raina shi ba. Idan lakar na da asid ko guba, shi zan zaɓa ba tare da wani tunani ba. Fuska biyu ce masu tsananin tauri da santsi suna zamewa a kan juna, da ɗan siririn ruwa a tsakani. Amma ba ya yafiya. Ya yi gudu a bushe na ɗan lokaci, fuskar ta tsage. Boris ɗin da ke riƙe da shaf ya ci, shaf ya fara rawa, fuskokin su buɗe yashi ya shige. Kuma fakin yana ba ka sanarwa, ka lallaɓa shi ya kai ka ƙarshen aiki, sil kuwa ranar da ya tafi sai an tsayar da famfo an kwance.

Gobe kafin mu tada injin, tara ɗigon a tafin hannunka, ka zo ka faɗa mini launinsa da abin da geji ke nunawa.