Muna son fita tattaki tare, amma duk trotro muke shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 14 ne, mata daga unguwannin Nima da Mamobi a Accra, makarantar Islamiyyarmu ɗaya. Likita ya shawarci wasunmu da su riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini. Muna so mu riƙa fita bayan gari tare sau ɗaya a wata, sai dai babu mai mota a cikinmu. Ina za mu nufa, yaya kuma za mu tsara? Daga wata Hajiya a Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara muku lafiya da zumunci. Rashin mota ba zai hana ku komai ba. Mai mota dole ya koma inda ya ajiye ta, ku kuwa kuna iya farawa a wani gari ku ƙare a wani.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun kafin ku zaɓi wurin zuwa, ku san yadda za ku dawo. Tafiya ba ta da wuya, domin a tasha za ku sami mota babu kowa a ciki, kuma mutum 14 sun kusa cika ƙaramar trotro, wato bas ɗin haya, ba za ku daɗe kuna jiran fasinja ba. Dawowa ce matsalar. Idan kuka ƙare a bakin titi, duk motar da ta zo a cike take zuwa, ta ɗauki biyu ta bar sauran a rana, ga gajiya ga ƙishirwa. Ayari kan watse a nan, tsofaffi kuma su ne ke shan wuya. Don haka ku ƙare tattakinku a garin da ke da tasha, inda mota ke lodi daga farko.

Hanyar dutsen Aburi ta dace da wannan. Ku haɗu a tashar Madina bayan sallar Asuba ranar Asabar, ku shiga motar Aburi, ta bi da ku ta Adenta da Oyarifa, ku sauka a Ayi Mensah wajen tsohon shingen karɓar kuɗin hanya. Daga nan ake hawa da ƙafa zuwa Peduase, kuma safiyar Asabar hanyar cike take da masu motsa jiki, ba za ku zama ku kaɗai ba. A gidan gwamnati na Peduase ne Gowon da Ojukwu suka zauna a Janairun 1967, kafin yaƙin basasar Najeriya. Daga can ku shiga tasi rukuni-rukuni zuwa lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890, ku huta a inuwar manyan itatuwa, ku ci abin da kuka riƙo, sannan ku shiga motar Madina daga cikin gari.

Amma hawan yana da tsayi, Hajiya, kada ku fara da shi. Fita ta farko da ta biyu ku yi su a fili, kamar harabar Jami'ar Legon ko lambunta, inda motocin Madina ke wucewa kullum. Masu hawan jini da ciwon suga su gaya wa likitansu cewa dutse za su hau, su sha maganinsu, su karya kumallo ko da koko da ƙosai ne. Wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ta tsaya nan take, a kira 112. Saurin tafiya kuma na wadda ta fi kowa rauni ne, mutum ɗaya mai ƙarfi ta tsaya a baya kada a bar kowa.

A Ghana motoci ta dama suke bi, saboda haka inda babu hanyar masu ƙafa ku bi hagu kuna fuskantar mota, ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi yawa, ku bar dutsen, domin duwatsu kan gangaro kan titi.

Kuɗin mota ku tara shi tun kafin ranar a hannun mutum ɗaya, da canji, ita za ta biya yaron mota. Idan tafiyar ta zauna, ku yi magana da shugabannin tasha na GPRTU, ƙungiyar direbobin motocin haya, a ba ku shatar mota, ku biya rabi da safe, rabi bayan direba ya dawo da ku. Ku baro Aburi da kun yi Azahar, domin da yamma hanyar Adenta zuwa Madina kan cushe.