Tambayar Masu Karatu: Wai Ƙoda Tana Tsayawa Lokaci Ɗaya?

Tambaya: Likita, babana ya yi amai da gudawa kwana uku, fitsari ya ragu sosai, a asibiti aka ce ƙodarsa ce ta tsaya. Shikenan kenan?

Amsa: Sannu ɗiyata, Allah ya ba shi lafiya. Ƙoda guda 2 ne, aikinsu tace jini, dattin da ruwan da ya yi yawa su zama fitsari su gangara mafitsara. To idan ruwan jiki ya ƙare jini ba ya isarsu yadda ya kamata, sai aikin ya tsaya cak, amma irin wannan da yawa tana farfaɗowa in an ɗaura ruwa da wuri, wani sai an yi masa wankin ƙoda na ɗan lokaci. Don Allah kar ki ba shi magungunan rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara wa ƙoda wahala.