Tambayi Likita: Kunnen da sanƙarau ya taɓa

Tambaya: Likita, na saba sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana. Da illa? (Wani matashi, Mabera)

Da illa. Kunne yana fitar da dattinsa da kansa, kai kuma tura shi ciki kake yi, wata rana ka huda dodon kunne. Ka bari.

Tambaya: Shekara shida ina injin niƙa. Yanzu ko dare ya raba ina jin ƙara "wiii" a kunne. (Mai niƙa, Gwadabawa)

Malam, kunnenka ne ke kuka. Sayi abin toshe kunne na masu aikin inji, ka riƙa fita daga shago kana hutawa. Idan kana shan kwinin ko asfirin da yawa, su ma suna kawo wannan ƙara. Je a auna maka ji tun kafin ka fara cewa "me ka ce?" sau uku.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara uku ya yi sanƙarau watan jiya, Allah ya tashe shi. Amma ko na kira shi ba ya waigowa. Kakarsa ta ce iska ce ta toshe kunnen, ana ɗiga masa manja mai ɗumi da ruwan albasa. (Wata uwa, Runjin Sambo)

Baiwar Allah, a daina ɗigar nan yau ɗin nan, kada a kai gobe. Wallahi na gaji da ganin kunnen yara da mai ya ƙona. Na taɓa buɗe kunnen wata yarinya na tarar da manja ya daskare da audugar da aka cusa, wari ya cika ɗakin, ga shi jin bai dawo ba.

Bari in faɗa miki inda matsalar take. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi naɗaɗɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. Sauti ya girgiza ruwan, gashin ya lanƙwasa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Cutar sanƙarau tana bi ta nan ta lalata su. Manja bai kai wurin ba, ba zai taɓa kai ba.

A 1988 masu bincike a Amurka suka nuna cewa tsuntsaye, har da ɗan tsako, idan ƙara ta kashe musu waɗannan ƙwayoyi sai sababbi su tsiro. Tun lokacin masana ke neman yadda za a yi wa mutum haka, ba su kai ga maganin da za a ba yaro ba. Kazar gidanku ta fi mu a nan. Namu idan sun mutu sun mutu.

Amma ba a ce an gama ba, kuma wannan ne ya sa nake gaggauta ki. Wani yaron yana da sauran ji da na'ura za ta ƙara masa. Wanda jin ya tafi gaba ɗaya, akwai na'urar da ake dasawa da tiyata, sai dai bayan sanƙarau katantanwar tana iya cikewa da ƙashi cikin makonni ko 'yan watanni, dasawar ta yi wuya. Ga kuma magana: shekara uku lokacin koyon baki ne, wanda ba ya ji kalmomin da ya iya za su fara zubewa. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato cikin makon nan. Ki tafi da katin kwanciyarsa, likita zai so sanin alluran da aka yi masa, domin jentamaisin, wata allurar kashe ƙwayoyin cuta, ita ma tana iya kashe ji. Addu'a a ci gaba da ita. Kakarsa kuma, ku lallashe ta ta raka ku ta ji da kunnenta. Cikin makon nan, na sake faɗa.

Tambaya: Wai ana iya gane jariri yana ji tun bai yi magana ba? (Wata ungozoma, Boɗinga)

Ana iya, Hajiya. A 1978 wani masanin fiziks a Landan, David Kemp, ya saka ɗan makirfo a ramin kunne ya gano cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wani siririn sauti waje idan an aika masa sauti. Da farko ba kowa ya yarda da shi ba. Yau wannan bincike ne ake gwada jarirai da shi a ƙasashe da dama, yaro yana barci, cikin 'yan mintoci. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko bakwaini, ko wanda bai firgita idan an buga ƙofa, ki tura uwarsa asibiti ta nemi gwajin.