Ga ƙanena mai burin mallakar tirela

Wa alaikumus salam. Ka ce shekararka 24, kana dako a kasuwar Mile 12 ta Legas, kana so nan da shekara goma ka mallaki tirelar kanka mai ɗauko kaya daga Arewa, kuma da ka faɗa a majalisa aka yi ta dariya ana cewa ka cika dogon buri. Kana tambaya ko ka rage. Kada ka rage. Amma bari in gaya maka abin da ya ci min shekara shida, don kada ya ci naka.

A 2011 na shigo Legas a bayan motar shanu, na sauka Agege. Da babur ɗin wani na fara acaba, ina kai masa balas kullum, burina kuwa in kama rumfar albasa. Kuɗi na shigowa, Alhamdulillahi. Sai dai duk abin da na tara, babbar Sallah na zuwa in ɗinka shadda, in tafi gida, in yi sati uku ina rabo don kada a ce ɗan Legas ya zo hannu rabbana. In dawo aljihu wayam, in sake daga farko.

Wata rana bayan Isha'i wani dattijo a masallacinmu ya ji ina maganar rumfar, sai ya ce, "Yaro, nawa ake kama ta?" Wallahi na kasa ba shi amsa. Shekara shida ina son abu ban san kuɗinsa ba. Washegari na je na tambayo: kuɗin rumfa, jarin buhu nawa, kuɗin mota daga Aliero, garin albasa na jihar Kebbi, ladan 'yan dako, da asarar da ake yi idan albasa ta fara ruɓewa. Na sayi littafin makaranta na rubuta, na raba da kwanaki, ya kama naira 1,500 kullum. Kuɗin farko da ya shigo hannuna da safe su nake warewa, kafin shayi, kafin komai. Littafin yana nan har yau, bangonsa duk man inji.

Adashi na fara, uwar adashin ta ɓace ana saura mutum biyu kwasata. Na yi baƙin ciki sosai. Daga nan na buɗe asusun banki, na ƙi karɓar kati.

Abin da ya fi wuya shi ne gida. Na yanka wa Inna kuɗin wata, ba ya fashi ko da zan kwana da yunwa, don haƙƙinta ne. Sauran masu kira kuwa, biki ne, suna ne, waya ce ta lalace, na koyi cewa "Allah ya hore, yanzu babu hali." An kira ni marowaci, har ɗan uwana ya yi wata biyar ba ya ɗaga wayata. Ya yi min ciwo. Ka shirya wa wannan tun yanzu, don dariyar majalisa ba komai ba ce a kansa.

A 2021 na kama rumfa da wani abokina, rabi da rabi. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, a watan Satumba aka ƙara da su Kosofe da Mushin. Abokaina da yawa, waɗanda suka fi ni samu, suka tattara suka koma gida. Ni babur hanya ce kawai a wurina, na sayar da shi na zuba a albasa.

Naka ya fi nawa nauyi, don haka ga abin da nake gani. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin ajiya ke narkewa, don haka kada ka zauna kana tara takarda shekara goma, tirelar za ta riƙa gudu tana barinka. Ka tara, ka juya a kayan da ka sani, ka riƙa sabunta lissafin duk bayan wata shida. Kuma ka shiga harkar da jikinka. Ka bi mota a matsayin yaron mota ko da shekara biyu ne, ka yi lasisi, ka san abin da gas da taya da kuɗin hanya ke ci, ka san yadda ake samun lodin komawa daga Apapa, don motar da ta koma Kano ba kaya asara ta yi. Na ga wanda ya sayi mota bai san wannan ba, direba ya cinye shi cikin shekara guda.

Ranar Juma'a in ka tashi aiki, je wurin direbobin da suka gama sauke kaya, ka saya musu shayi, ka tambaye su kuɗin tsohon kan tirela da bodinta, da abin da ke ragewa a sawu ɗaya. Ka rubuto mana nan, ni da masu harkar mu raba maka shi da kwanaki.